Jaririn da Na'urata Ta Haɗiye

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai leƙo shagona a unguwar Wunti, nan cikin Bauchi, da waya a hannu ya ce, "Baba Kofur, a koya mini rubuta manhaja mana, an ce wata uku ya ishi mutum" ba. Da can tsawa nake yi musu, har suka sa mini suna Kofur Gwale-gwale. Wannan halin banza ne, na kori yara masu ƙwaƙwalwa da shi, Allah ya yafe mini. Yanzu da haƙora suka fara zubewa na ga gara in zauna in rubuta muku yadda sana'ar take, ko da yake ni kaina har yau ban gama gane ta ba. Karatuna bai wuce tsakiyar sakandare ba, don haka kada ku sa ran jin manyan kalmomi.

Ban shiga soja don kishin komai ba. Jarrabawa na faɗi, mahaifina ya ce ko in bi shi kasuwar Muda Lawal ɗaukar buhun masara, ko in san inda dare ya yi mini. Na zaɓi kaki. A wajen harbi kuwa ban taɓa samun abin da na auna ba, sai dai na kusa da shi. Da manya suka gaji da ni sai suka tura ni sito, inda ake ajiye takalma da barguna, suka ce a can dai ba zan kashe kowa ba.

Aikina na farko da na'ura mai ƙwaƙwalwa shi ne share mata ƙura. An kawo ta bariki cikin kwali, mai ƙaton baya kamar tulu, aka ware mata ɗaki mai fanka biyu alhali mu muna kwana cikin zafi. Aka ce in riƙa goge ta safe da yamma, in rufe ta da zane, kuma in na kuskura na taɓa wani maɓalli gadurum, kurkukun bariki, ce makomata. Wanda ke aiki da ita wani Staf Yohanna ne, gajere, mai furfura a gefen kai, mutumin kudancin jiharmu. Ranar da ya ji Hausata ya ce, "Kai ɗan Bauchi ne? To me kake yi a tsaye kamar an dasa ka? Jawo benci."

Na jawo benci. Ya buga wasu layuka a baƙin allo, haruffa kore suna fitowa, sai na'ura ta tambaye ni sunana. Na waiga in ga ko akwai wanda ya ɓuya a bayan labule. Na rubuta Sabo da yatsa ɗaya. Ta ce, sannu Sabo. Wallahi sai da na amsa mata da baki. Staf ya yi dariya har da tari, sannan ya nuna mini layin da ya sa ta faɗi haka, ya ce in canza shi. Na canza, ta zagi Sajan ɗinmu. Daga wannan rana ban sake zama mutumin da nake ba. A soja kowa umarni yake ba ni, daga hafsa har mai dafa abinci. Ga wata aba da ni nake ba ta umarni, kuma ba ta taɓa cewa sai gobe.

A lokacin ba mu san kalmar manhaja ba, furogiram muke cewa. Ba waya, ba wanda za ka tambaya a duniya sai littafi guda mai kauri wanda bangonsa ya yage, da Staf Yohanna. Turancin littafin ya fi ƙarfina. Sai in kwafi misali, in ɓata shi da gangan, in ga abin da zai faru. Rabin abin da na iya ta hanyar ɓarna na koye shi. Har yau akwai abubuwan da nake rubutawa suna aiki, amma in ka tsare ni ka ce me ya sa, sai dai in ce haka na tarar.

Manhajar da na fara rubutawa da kaina ta rabon gadi ce. Kafin nan Sajan ne ke rabawa, kuma kowa ya san abokansa ba sa kwana a bakin ƙofa lokacin sanyi. Na rubuta yadda za ta riƙa juya sunaye ɗaya bayan ɗaya, ba sani ba sabo. Na yi ta taƙama. Makon farko sai ta ɗora limamin bariki da ladaninsa a gadi ranar Juma'a da azahar, ta ɗora mai kiɗan coci ranar Lahadi da safe, ta kuma aika wani da ke kwance a asibiti da karyayyar ƙafa ya tsare ma'ajiyar makamai. Bariki ya ruɗe. Aka sa ni tsallen kwaɗo daga sito har filin fareti.

Da na dawo ina haki, Staf Yohanna na zaune yana cin gyaɗa. Hausarsa irin ta wasu mutanen kudu ce, komai namiji ne a bakinsa. Ya ce, "Sabo, na'ura bai san Juma'a ba. Bai san Lahadi ba. Kurtu ne, wanda ya fi kowa biyayya, ya fi kowa wauta. In ka ce ya yi maci zuwa rijiya zai faɗa ciki, kuma ba zai ɓata sahu ba. Kai ne ka san mutane. Abin da ba ka gaya masa ba, babu shi a duniya."

Na ce na gane. Ban gane ba. Abin da na ɗauka shi ne in ƙara layi biyu, ɗaya na Juma'a ɗaya na Lahadi, shi ke nan.

Da na bar aiki, abokan da muka fito tare yawancinsu gadin banki da gidajen manya suka kama. Ba na raina su, da ba don bencin Staf Yohanna ba da yanzu ina buɗe wa wani ƙofa ina sara masa. Ni kuwa na kama shago a layin teloli a nan Wunti, na sayi tsohuwar na'ura, da injin buga takarda mai ƙara kamar keken ɗinki, da ɗan janareto wanda sai ka ja igiyarsa kafaɗa ta yi tsami kafin ya tashi. Fayafayan ajiyar aiki na wancan zamani masu kusurwa huɗu ne, zafi na ɓata su, danshi na ɓata su, in ka ajiye su kusa da rediyo ma sai su mance abin da ke cikinsu. A cikin gwangwanin madara nake adana nawa. Teloli suka ɗauka gyaran talabijin nake yi. Wanda ya fi kowa tsokanata shi ne Auwalu, mai shago na uku daga nawa. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Kofur, yau ma ba a kamo tasha ba? Tun safe kake kallon baƙin allo."

Ku da kuke ganin sana'ar zama ce a inuwa ana danne-danne, ku sani danne-dannen shi ne mafi sauƙi. Wahalar tana wajen mai aiki. Wani Alhaji mai hatsi a Muda Lawal ya sa na rubuta masa manhajar kayan sito. Na tambaye shi mudu nawa ne a buhu, ya faɗa, na rubuta. Ashe buhun kaka daban, buhun bazara daban, buhun da aka auna wa suruki kuma daban. Da lissafi ya ƙi daidaita sai ya ce na'urata ba ta da tarbiyya. Mai aiki ba ya gaya maka yadda yake aiki, yana gaya maka yadda yake so a ce yana yi ne. Sai ka zauna kusa da shi ka yi ta kallo. Ni kuma zaman kallo ne ba na iyawa, saboda soja ya saba mini da cewa tsari ɗaya ne, wanda bai bi ba shi ne mai laifi.

Aikin da ya fi kowane girma a rayuwata na wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a unguwar Yelwa, wanda yawancin aikinsa karɓar haihuwa ne. Likitan da ke da shi ya gaji da katunan marasa lafiya da gara ke ci, ya ce in zuba komai a na'ura. Na yi watanni ina rubutu. Na tsara shi yadda ake rajistar soja: suna, ranar haihuwa, sunan miji ko uba, unguwa. In ba a cike gurbi ɗaya ba, na'ura ba za ta wuce gaba ba. Kuma don kada a rubuta mutum ɗaya sau biyu, na gaya mata cewa duk inda suna da ranar haihuwa suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, ta haɗe su, sabon bayani ya hau kan tsohon.

Babbar ma'aikaciyar jinya a wurin, Sista Rifkatu, mace mai jiki da murya, ta ce a bar katunan tukuna a riƙa yin biyu. Na ce mata a gaban likita, "Sista, ba a hawan doki biyu. In kun bar kati, ba wanda zai koyi na'ura." Likita ya goyi bayana, aka ɗaure katuna aka kai sito. Ta dube ni ta ce, "To, Janar." Na ji daɗin sunan, ban san ba'a ba ce.

Na yi ta yi wa teloli burga da wannan aiki. Na ce asibitin Yelwa yanzu ya zama irin na Turai, wanda duk ke son matarsa ya kai ta can.

Wata Litinin da hantsi ina shago ina fama da manhajar wata makaranta sai ga ɗan acaɓa, ya ce Sista ta ce in zo yanzu, ko wanka nake yi in fito da kumfa. Na tarar da ita tsaye a kan na'ura, ga mai gwajin jini a gefe yana share gumi.

Ta ce, "Janar, ranar Alhamis mata biyu suka haihu a nan, duka maza. Da hannuna na karɓe su. Nuna mini su."

Na danna. Jariri ɗaya ya fito.

Na ce, "Ba a shigar da ɗayan ba ke nan."

Yarinyar da ke shigar da bayanai ta ce ta rantse ta shigar da biyu. Na ce na'ura ba ta ƙarya. Sista ta ce ita ma idonta ba ya ƙarya. Muka yi cirko-cirko. Na sake dubawa, sai idona ya sauka a gurbin suna. An rubuta Jaririn A'isha.

Na ce, "Wane irin suna ne wannan?"

Sista ta ce, "Kai a garinku da suna ake haihuwar yaro? Ba sai ranar suna ba? Abarka ta ƙi wucewa sai an sa suna, to me za mu sa? Tun da ka kawo ta haka muke yi, jaririn wance."

Matan nan biyu duka A'isha ne sunansu. Jariran biyu ke nan sunansu ɗaya, ranar haihuwarsu ɗaya. Kurtuna ya bi umarni, ya haɗe su ya mai da su mutum guda. Mai gwajin jini ya ce ranar Asabar kafin a sallame su an ɗebi jinin jariran saboda an ga idonsu ya ɗan yi rawaya. Na ɗaya ya nuna shawara mai ƙarfi, irin wadda in ba a sa yaro ƙarƙashin fitilar asibiti da wuri ba take taɓa ƙwaƙwalwa, ko ta tafi da shi. Na biyun lafiya lau. Ya shigar da mai tsananin da farko, ya shigar da mai kyau daga baya, na baya ya hau kan na farko ya shafe shi. Wanda ke bakin aiki ya duba allo ya ga lafiya, ya sallami kowa. Sai yau mai gwaji ya zo wucewa ta ɗakin fitila ya ga ba kowa, ya tambaya ina jaririn nan.

Ni dai tsayawa na yi ina kallon allon. Ni ɗan Bauchi ne, an yi sunan ƙannena a gabana, na ci naman suna ba adadi. Na san jariri ba shi da suna sai ya kwana bakwai. Amma duk watannin da na yi ina rubutu, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba. A soja ban taɓa ganin mutum marar suna da lamba ba. Yadda aka yi abin da na sani a gida ya kasa bina zuwa gaban na'ura, har yau ban san amsarsa ba.

A'ishar da bayananta suka rage a allo matar wani malamin jami'a ce, nan kusa suke. Sista ta je da kanta ta dawo ta ce nasu garau yake. Saura ɗaya A'ishar. Bayananta sun shafe tare da na ɗanta, sai abin da yarinyar ta iya tunawa. Ta ce daga Wunti suke. Na ce sunan mijin fa? Ta ce ta tambaya, matar ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗa. Ta juya ga tsohuwar da ta rako ta, ashe uwarta ce, ita kuma ta ce ba a gaban mutane za ta kama sunan surukinta ba. Na'ura ta ƙi wucewa, layi ya yi tsawo, sai ta rubuta Maigida.

Sista ta ɗauki jakarta ta ce, "Tashi, Janar. Unguwarku ce. Yau sai mun nemo Maigida."

Ku da kuka san Wunti kun san abin da ake nufi da neman wata A'isha mai jego a cikinta. Muka fara da wani wanzami da ke aski a gindin bishiya, tunda su ake kira aski ranar suna. Ya ce shi ya san gida uku da aka yi haihuwa, amma ba ya tambayar sunan matan mutane. Gidan farko mace aka haifa. Gida na biyu an riga an yi suna tun makon jiya. Gida na uku mai jegon ta tafi wankan gida ƙauyensu. Muka koma wajen mai itace, saboda gidan da ake wankan jego ba ya ɓuya ga mai itace. Ya nuna mana wani lungu. Muka riƙa bin hayaƙi da tarin ganyen dalbejiya a bakin kwata, Sista ta shiga ta fito, ni ina tsaye a waje.

A wani gida na ƙosa, na yi abin da bai kamata ba. Na tari maigidan da muryar fareti na ce, "Akwai jariri a gidan nan? A fito da shi a duba." Mutumin ya dube ni, ya dubi Sista da farin kaya, ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga masu satar jarirai!" Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Wani dattijo da ya san ni ne ya cece mu, ya ce, "Ku bar shi, Kofur mai talabijin ne, ba ya sata, kansa ne dai ba daidai ba." Sista ta wuce gaba, na bi ta muka fita lungun. Sannan ta ce, "In ka sake buɗe baki, allurar doki zan yi maka."

La'asar ta yi ba mu samu ba. Ƙafar Sista ta kumbura, na ce mu je shagona ta sha ruwa mu sake shawara. Na buɗe, na jawo mata kujera, na ture takardun da ke kan tebur don in ajiye kofi. Sai ga ɗan ƙullin leda ya faɗo, goro biyu da alawa.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Oho. Wani ne ya ajiye."

"Wa?"

Sai na fara tunawa. Ranar Asabar da yamma ina tsakiyar neman wani kuskure a manhajar makarantar nan, wani ya shigo ya yi magana, ya ajiye abu, na ce Allah ya raya ban ɗago kai ba. Muryar ce ta dawo mini. Auwalu tela. An yi masa haihuwa, suna ranar Alhamis. Kuma ni da bakina, watanni kafin nan, na ce masa in yana son matarsa ya kai ta Yelwa.

Sista ta ce, "Wato tun safe kake jana cikin kwata, goron yana kan teburinka?"

Na fita da gudu. Auwalu na kan keke yana ɗinka 'yar rigar jariri. Na ce, "Auwalu, yaya sunan maiɗakinka?"

Ya cire ƙafa daga keke ya ce, "Kofur, lafiya? Yau kuma sunan matata kake tambaya a tsakiyar kasuwa?"

Sista ta ture ni gefe ta ce, "Malam, a Yelwa ta haihu ranar Alhamis? Yaron yana kama nono?"

Ya ce, "Tun jiya dai sai barci yake yi. Inna ta ce yaro mai haƙuri ne."

Ta ce, "Rufe shago."

Matar tana gidan iyayenta a bayan kasuwa, tunda haihuwar fari ce. Sista ta shige ciki, ni da Auwalu muka tsaya a zaure, don shi ma gidan surukai ne, ba ya wuce nan. Muna jin muryoyi. Tsohuwar tana cewa ba a fitar da jariri kafin suna, ba a taɓa yi ba a gidan nan, shawara kuma ai kowane jariri na yi, an jiƙa masa magani. Sista tana cewa, "Inna, ni ma uwa ce, na kuma girmi 'yarki. Dubi idonsa. Dubi tafin ƙafarsa. In kin bar shi nan, ranar Alhamis za a yanka rago amma ban san wa za a raɗa wa sunan ba."

Auwalu ya juyo ya ce mini, "Kofur, ba sun ce lafiyarsa lau ba? Sun ce na'ura ta nuna."

Na ce, "Na'urar ce ta haɗe shi da ɗan wani."

"Ta haɗe shi kamar yaya? An musanya mini ɗa?"

"A'a. Ɗanka ne. Sunansa ne babu."

"To ai ba a yi sunan ba."

"Shi ne matsalar."

Ya dube ni kamar na yi masa Turanci. Na sake farowa daga farko, na kawo maganar gurbi, da rajistar soja, da mata biyu, ina yi ina ƙara rikita shi ina rikita kaina. Ban gama ba Sista ta fito da yaron naɗe cikin zane, tsohuwar na biye da ita da mayafi tana salati. Na leƙa. Fatarsa ta yi rawaya kamar an shafa masa gangamau.

Aka sa shi a fitila a ranar. Likita ya ce an zo a makare, amma ba a makara duka ba. Ranar Alhamis da safe aka taru a ƙofar gidan su Auwalu, aka raba goro, liman ya raɗa suna, aka yanka rago, jariri kuwa yana Yelwa da ƙyalle a ido. Wanzami ya zo da askarsa ya koma. Da hantsi Auwalu ya iso asibiti da ƙullin nama, ya same ni gaban na'ura ina ta warware abin da na ƙulla. Ya ce, "To, Kofur, gaya wa talabijin ɗinka, sunansa Ibrahim." Na rubuta da yatsa ɗaya kamar ranar da na fara.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Labari ya zaga gari cewa na'urar Kofur tana musanya jarirai. Wasu suka ce haɗiye su take yi. Makarantar da nake wa aiki ta ce kada in haɗe musu ɗalibai, ta karɓe aikinta. Alhajin hatsi ya aiko a gaya mini ya koma wa ƙwaƙwalwarsa. Na koma buga katin biki da takardar neman aiki, janareto ya lalace na kasa gyarawa, in an ɗauke wuta sai in zauna a bakin shago ina taya teloli cire zare. Asibitin ne kaɗai bai kore ni ba, kuma Sista ce ta hana. Ta ce wa likita wanda ya ƙona tuwo shi ya san inda wutar take. Amma ta sa sharaɗi, aka dawo da katuna, kuma na zauna a benci kusa da masu jiran layi ina kallo har sai da ta ce ya isa. A benci na ga macen da ba ta san shekarunta ba, da wadda ba ta kama sunan ɗanta na fari, da mutumin da unguwarsa ita ce bayan gidan mai. Kowannensu da na'urata ta ƙi shi ko ta haɗe shi da wani. Na sake rubuta komai. Yanzu kowane jariri lamba yake samu tun kafin a yanke cibiya, a ɗaura masa a hannu, gurbin suna kuma ya zauna fayau har sai an yi suna.

A cikin shekarar na je ƙauyen Staf Yohanna, ya yi ritaya yana noman dankali. Na ba shi labari duka. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Ashe har yanzu Juma'a kake ƙarawa." Ya cika mini buhu da dankali ya raka ni bakin hanya.

Ibrahim ya rayu. Yana da shekara uku aka lura in an kira shi ta hagu ba ya waigowa. Na je na tambayi likita ko kwanakin nan da aka yi a gida ne suka jawo. Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ko da an sa shi a fitila tun Asabar haka za ta kasance, ba wanda zai iya rantsewa. Na tambayi Sista, ta ce in bar tambayar abin da ba shi da gurbi. Auwalu kuwa bai taɓa ce mini komai ba. Wani lokaci a gaban mutane yakan ce Kofur ne ya ceci ɗansa, ya bi gida-gida yana nema. Wani lokaci in muna zaune mu biyu sai ya daɗe yana kallona. Ban san wanne ne ainihin zancensa ba, ban kuma san wanne ne gaskiya ba. Sana'ar nan ta fitar da ni daga sito, ta ciyar da iyalina, ta sa ana kirana Baba a layin nan. Ita ce kuma ta sa na ce Allah ya raya ban ɗago kai ba.

Don haka wanda ke son koyo ya zo, na daina tsawa. Amma ba zai taɓa maɓalli ba sai ya yi zaman benci a wurin mai aiki, ya dawo ya gaya mini mutum nawa ya gani waɗanda tsarinsa bai san da su ba. In wata uku ya ishe shi, Allah ya ba da sa'a, ya fi ni.

In kun zo ba ku same ni ba, ku duba shago na uku. Auwalu idonsa ya yi rauni, Ibrahim ne ke kan keken yanzu, kuma duk layin nan ba mai fitar da wuyan riga kamarsa. Shi ke ɗinka mini kaya. In za ku yi masa magana ku zagaya ta damansa, kamar yadda nake yi.